Kartin Zaɓen Inna

Na san labarin da ya iso kunnenku, domin a gidan suna da gidan biki ba a rasa mai ba da shi. An ce muku ubanku ya tsayar da kakanku gaban jama'a ranar zaɓe, ya kore shi kamar wanda aka kama da akuyar sata, duk saboda girman kan boko. Wasu ma sun ƙara gishiri, wai har jandarma na kira masa. Ban taɓa tsayawa na yi musu da kowa ba, kuma na lura shirun nan ya sa wasunku sun ɗauka haka aka yi. To yanzu da na aje alli na zauna gida, zan faɗa muku yadda abin ya faru, da inda nake da gaskiya da inda ba ni da ita. Inda ba ni da ita ya fi yawa, amma ba nan ne mutane ke nunawa ba.

A shekarar da nake magana an dawo da ni Dakoro bayan na daɗe ina koyarwa a lekol-lekol na daji, wato makarantun boko na ƙauye, da fari Ɗan Gulbi, daga baya Azagor. Ina Azagor Inna, mahaifiyata, ta rasu. Kafin saƙo ya same ni, kafin na samu motar da za ta fito da ni, har an yi sadakar uku. Na iske Baba zaune a zaure yana tufka igiyar kaba, sana'arsa ta rani wadda ta sa unguwa ke ce masa Baba Mai Igiya. Na durƙusa na yi masa gaisuwa, ya amsa, ya tambaye ni hanya, shi ke nan. Daga ranar har shekara huɗu ni da shi ba mu ƙara ta da maganar ba. Yaya Rabi, wadda nake bi, ita ta dawo gidan bayan rasuwar mijinta tana yi masa tuwo da fura.

Da aka dawo da ni sai aka ba ni ajin ƙarshe a lekol ɗin unguwarmu. Lokacin ina da ƙuruciya da zafin kai, ga siririn gashin baki da nake ji da shi. A cikin darussa duka babu wanda nake so kamar darasin zama ɗan ƙasa, wanda sauran malamai ke tsallakewa su yi lissafi don shi ke fitowa a jarrabawa. Ni kuwa in na shiga shi har sai an buga ƙarfen tashi ban sani ba. Da Faransanci ake farawa, amma da Hausa nake ƙarasawa don in tabbata ya shiga. Nakan gaya musu burtali ba gonar kowa ba ne, rijiyar gari ba a wanki bakinta, jariri in an haife shi a je ma'aikatar magajin gari, wato meri, a rubuta shi, mamaci ma haka. Yaran suna kwaikwayona a bayan ido, na sani, har da yadda nake buga tebur.

Da zaɓe ya matso sai na ce ba zan koya musu shi da baki kawai ba. Na samo kwalin sabulu na huda samansa, na ari tsohon zanen uwarku na rataya a kusurwa ya zama labule, muka shirya zaɓen shugaban aji. A ajin akwai tagwaye, Hassana da Usaina, 'ya'yan maƙwabcin Baba ne, katanga ɗaya ta raba gidajen. Ranar Hassana tana kwance da masassara. Usaina ta jefa tata, ta koma bayan layi ta sake zuwa tana kirana Mushe, yadda ake kiran malamin lekol da Faransanci.

"Mushe, Hassana ta ce in jehwa mata. Ta hwaɗa mini wanda take so."

"Ƙuri'a ba saƙon goro ba ce, Usaina," na ce mata. "Wanda bai zo da ƙahwarshi ba, ba shi da ita."

"Ai ni da ita duk ɗaya ne, Mushe."

"A gida kuke ɗaya. Nan kowa kanshi."

Da aka ƙidaya, yarinyar da suke so ta faɗi da ƙuri'a guda tak. Usaina ta kifa kai bisa tebur ta yi kuka har aka tashi. Ni kuwa na koma gida ina jin daɗi, ina gaya wa uwarku yau darasi ya shiga.

Ya shiga kuwa. Bayan kamar sati uku aka raba kartin zaɓe a ƙofar gidan mai unguwa. Yadda ake yi, ma'aikaci yana zaune da tarin karti yana kiran sunaye da ƙarfi, wanda ya ji nasa ko na iyalinsa ya amsa ya karɓa. Ni ban je ba, nawa an kawo mini lekol. Washegari ina cikin bayanin wanda ke da ikon yin zaɓe, sai Usaina ta ɗaga hannu.

"Mushe, wanda ya mutu shina zaɓe?"

Aji ya kwashe da dariya, ni ma na yi murmushi na ce mata a'a.

"To ai jiya Baba Mai Igiya ya amshi kartin Inna. Da aka kira sunanta ya miƙe ya ce tana nan."

Dariyar ta ɗauke. Ba da rashin kunya ta faɗa ba, tambaya take yi tsakani da Allah, kuma tana da haƙƙin amsa tunda ni na hana ta jefa wa mai rai. Na ce su buɗe kaye, wato littafin rubutu, su kwafi abin da ke allo. Na juya musu baya ina rubutu, ban san abin da nake rubutawa ba.

Da aka tashi na wuce gidanmu. Baba ya tafi kasuwa, na iske Yaya Rabi tana surfe. Na faɗa mata abin da na ji, ina ta faɗa, ina cewa wannan abin kunya ne, ni da nake koya wa 'ya'yan mutane. Ta bar ni na gama, sannan ta jingine taɓarya.

"Ka gama? To zamna in hwaɗa maka. Shekara arba'in da wani abu tsohon ga ya yi da Inna, ka taɓa jin ya kira sunanta?"

Ban taɓa ji ba. Ita ce matarsa ta fari, kuma mutanen zamaninsu ba sa kama sunan matar fari, kunya ce. "Ke" yake ce mata, in yana magana da wani ya ce "uwar yaran nan". Mu ma 'ya'yanta ba ma faɗin sunan, ko a wannan takarda ba zan rubuta shi ba.

"To tun da ta tahi wa ke kiran sunan?" in ji Yaya. "Ni ko kai? Wurin rabon karti kaɗai ake kiranshi da ƙarhi, shi ji da kunnenshi. Tun asuba ya sa rigarshi ta Juma'a ya tahi ya zamna gaba, don kar a kira bai ji ba. Wancan zaɓen ma haka ya yi, kana Azagor. Shi ya hana a je meri a hwaɗi rasuwar. Ka bar shi, Tanko. Ƙuri'a guda ce, ba ita za ta naɗa wani ko ta tuɓe shi ba."

Tanko shi ne sunan da ake kirana a gida, don na zo bayan mata. Na fita daga gidan. A lokacin ba baƙon abu ba ne maigida ya zo da kartin matansa ko na ɗansa da ya tafi ci-rani ya jefa musu, masu aikin zaɓe su kau da kai. Kowa ya san ba daidai ba ne, kowa kuma ya saba.

Ba a yi kwana goma ba takarda ta zo, an naɗa ni shugaban biron zaɓe, wato wurin jefa ƙuri'a, kuma a cikin ajina aka sa biron, inda Baba zai jefa ƙuri'a. A nan kuskurena na farko yake. Ina iya zuwa in ce a musanya ni da wani malami, ba wanda zai tambaye ni dalili. Ban je ba, don ina son a gan ni bisa wannan kujera. Kuma ina iya samun Baba a gida in gaya masa tun kafin ranar. Sau uku na je da wannan niyya bayan la'asar. Sau uku na zauna gefen tabarmarsa, yana tufka igiya ya maƙale bakinta da babban yatsan ƙafa, muna maganar gero da ciwon gwiwarsa da rijiyar da ta ƙafe. Duk lokacin da na buɗe baki sai in ga dole in fara da cewa Inna ta rasu, maganar da ni da shi ba mu taɓa furtawa ba. Sai in sha fura in yi sallama. Na riƙa ruɗin kaina da cewa wataƙila ajiye kartin kawai zai yi cikin akwati, ba zai zo da shi ba. Mutumin da ke buga tebur gaban yara arba'in ya kasa faɗin magana ɗaya gaban tsoho guda. Kuma duk da haka, ana jibi zaɓe, da bakina na ce wa yaran su zo su tsaya ta taga su ga yadda ƙasa ke zaɓe da idonsu.

Suka zo kuwa. Tun safe kawunansu na jere a tagogi biyu, Usaina da Hassana suna gaba. Aiki ya tafi daidai har azahar. Bayan an sauko daga salla na ɗaga kai na hango Baba cikin layi da farar rigarsa, mutane suna matsa masa ya wuce gaba. Ya shigo ya yi sallama, ya gai da wakilan jam'iyyu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zo gabana ya sa hannu aljihu. Karti biyu ya ajiye bisa tebur. Na Inna yana cikin 'yar leda, ya naɗe shi da kyau don kada ya yi datti.

Aikin shugaban biro ne ya karanta sunan da ke kan karti da ƙarfi, magatakarda ya duba cikin jerin sunaye. Na karanta na Baba, ni da ban taɓa kama sunansa gabansa ba. Na ɗauki na biyu. Na ga ya ɗan karkato da kunne, yana jira. Ban karanta ba.

"Baba," na ce a hankali, "mai wannan kartin ba ta duniya."

Ya dube ni kamar bai gane yaren ba.

"Ni za ka hwaɗa ma? Ni na sa ta cikin ƙasa, kai kana Azagor."

Wakilan jam'iyyu, waɗanda tun safe suke harara da gardama kan kowane ɗan abu, a nan bakinsu ya zo ɗaya. Wani dattijo cikinsu ya matso kusa da ni yana magana ƙasa-ƙasa.

"Haba Mushe, mahaihinka ne hwa. Mu duka mun yarda, ba mai kai ƙara. Bar shi shi jehwa, mu ba mu gani ba."

Na dubi taga. Ba wanda ke motsi a cikin yaran. Usaina ta riƙe ƙarfen tagar da hannu biyu tana kallona. Wallahi da babu su a wurin da na bar shi, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma na sa yarinyar nan kuka saboda 'yar'uwarta mai rai, kuma in na kau da kai yanzu, duk abin da na faɗa musu cikin ɗakin nan ya zama tatsuniya. Na ce ba zai yiwu ba. Na jawo jerin sunaye na nemo layin Inna, na yi rubutu a gefensa.

"Mi ka rubuta?" in ji Baba.

"Na rubuta ta rasu, Baba."

Har nan, 'ya'yana, ban yi nadamar hanawar ba, kuma ko yau aka maimaita ba zan bar mamaci ya yi zaɓe ba. Abin da ya biyo baya ne ke hana ni sukuni. Baba ya miƙo hannu.

"To ba ni takardata in tahi."

Kartin ba ya da sauran amfani, na riga na soke sunan, ko ya koma da shi ba abin da zai yi da shi sai ajiya. Amma jinina ya riga ya hau, ido yana kaina, ina jin kaina kamar wani alƙali. Na zare shi daga ledar, na jefa cikin ambulan ɗin da ake tara kartin da za a mayar meri.

"Wannan na gwamnati ne, Baba. Can za a maida shi."

Ban ma tabbata doka ta ce haka ba. Ƙuri'ar, doka ce ta hana. Kartin kuwa ni na hana. Baba ya tsaya da hannunsa a miƙe na ɗan lokaci, sannan ya ɗauki ledar da babu komai ciki ya ninke ya sa aljihu. Nasa kartin ya bar shi nan bisa tebur, bai jefa ƙuri'a ba. A bakin ƙofa ya juyo ya ce wa mutanen ɗakin Allah ya ba da sa'ar aiki, ya fita. Ba wanda ya kore shi, ba a kuma kira jandarma ba.

Da aka koma lekol yaran suka riƙa kallona kamar wani waliyyi. Sufeto ya ji labari ya yaba mini gaban malamai. Ban taɓa jin yabo mai ɗaci irin wannan ba. Yaya Rabi ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata. Shi kuwa Baba bai yi faɗa ba, bai yi mini baki ba, bai kai ƙarata wurin kowa ba. Washegarin zaɓe na je gaishe shi da safe, na durƙusa.

"Lahiya lau, Mushe. Ya aiki?"

Tun ina cikin zanen goyo Tanko yake kirana. Daga ranar na zama Mushe, kamar yadda iyayen yara ke kirana a hanya. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na je meri neman kartin. Ma'aikacin ya buɗe mini wani ɗaki da aka jibge buhunan karti na unguwanni da ƙauyuka, wasu gara ta fara ci. Na yi yini biyu ina zazzagewa ina dubawa ɗaya-ɗaya, ƙura ta cika mini hanci, ban same shi ba. Daga nan na koma wurin Baba na ce ya yafe mini.

"Laihin mi?" ya ce, bai ɗago daga igiyarsa ba. "Aikinka ka yi."

Na sake roƙo da salla ƙarama, na sake da babba, na aiko da limamin unguwa. Amsar ba ta canja ba. Mutum in ya ce ka yi masa laifi kana da ƙofar shiga, amma wanda ya ce ba ka yi komai ba, ta ina za ka fara? Bai yanke zumunci ba. Duk wanda aka haifa cikinku, Baba ya zo suna ya yi addu'a, in na aika da hatsi ya karɓa ya sa albarka. Amma bai ƙara zuwa rabon karti ba, bai kuma ƙara yin zaɓe ba har ya bar duniya. Na shiga biron nan don in hana ƙuri'ar ƙarya guda, na fito na kashe ta gaskiya guda.

Na ci gaba da koyar da darasin har na yi ritaya, ban rage komai a cikinsa ba, sai dai na daina buga tebur. Kuma kowace shekara nakan ƙara musu abin da babu a littafi: in kun san za ku hana mutum abu gaban jama'a, ku same shi a gida tukuna ku gaya masa, ko da bakinku zai yi nauyi. Yaran sukan rubuta ba tare da sun san daga ina maganar ta fito ba.

Shekara bakwai muka yi a haka. A daminar ta bakwai ciwo ya kwantar da shi, ya ƙi a kai shi gidan likita. Wata ranar Talata da hantsi Yaya Rabi ta aiko lekol a kira ni. Na iske shi ya rame ƙwarai, an jingina shi da bango. Ya yi wa Yaya wasiyya kan gona da 'yan awakinsa, sannan ya ce ta ba mu wuri. Na ce a raina yau zai faɗi abin da na yi shekara bakwai ina jira. Na matsa har gwiwata tana taɓa tabarmarsa. Ya dubi rufin ɗaki, ya yi magana.

"In ta Allah ta kasance, kar ku bar sunana cikin takardunsu. A tahi meri a hwaɗa, a soke shi."

"To, Baba."

"Kai za ka tahi. Kar ka aiki kowa." Ya numfasa. "Hannunka ya saba."

Ya rufe ido kamar mai barci. Kafin la'asar ta washegari ya cika.

Na juya maganar nan a raina fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Wata rana in ji kamar ya yarda ne a ƙarshe cewa abin da nake koyarwa daidai ne, shi ya sa ya damƙa mini. Wata rana kuma in ji ta kamar mari. Na tambayi Yaya Rabi yadda ta fahimce ta, ta ce ita ba ta cikin ɗakin, shi da ya faɗa shi ya sani.

Bayan sadakar uku na sa riga na tafi meri ni kaɗai. Ma'aikacin ya ciko takarda, ya juyo mini da ita ya nuna inda mai kawo labari zai sa hannu. Na ɗauki bik ɗin, wato alƙalami. Na daɗe a tsaye, har mutumin ya tambaye ni ko in zauna a kawo mini ruwa. Na sa hannun dai, amma bai saba ba.